Faɗuwar Kwal a Inugu

Cikin shekarar 1909 aka gano kwal a duwatsun Udi, a ƙasar Ibo. Kafin ƙarshen 1916 an shimfiɗa hanyar jirgi daga can zuwa Fatakwal, garin Inugu kuwa ya tashi a gindin ramukan. Da wannan kwal jiragen ƙasa ke jan gyaɗar Kano da kuzar Jos zuwa bakin teku.

To, amma fa kasuwarsa ƙunci gare ta, gama babban mai saye shi ne Reluwe, sai kuma Hukumar Lantarki, su duka na Gwamnati. A ƙarshen shekarun 1950 abin da ake haƙowa ya haura tan 900,000 a shekara. Daidai lokacin nan Reluwe ta soma sayen injuna masu shan gas, ga shi kuma an sami man fetur a Oloibiri tun 1956. Ciniki ya ja baya, Hukumar Kwal, wadda aka kafa a 1950, ta koma tafka hasara, baitulmali na cika mata gurbi.

Leburori su suka fi jin jiki. Mutanen nan da aka harbe 21 daga cikinsu a Iva Valley ran 18 ga Nuwamba, 1949, kan neman hakkinsu, su aka shiga sallama, masu sayar musu da abinci da masu ba su hayar ɗaki suka rasa abin yi. Sa'an nan yaƙin basasa ya zo a 1967, aka bar ramukan, ruwa ya cika su.