Daga Zariya Zuwa Mubi: Shekara 60 Na Gidan Da Ya Raini Masu Karatun Hausa

A shekarar 2026 ne kamfanin buga littattafai na Arewa da ke Zariya, wanda aka fi sani da NNPC, yake cika shekara 60 da kafuwa. Yaran yanzu in sun ji sunan, sai hankalinsu ya tafi ga kamfanin man fetur mai irin wannan suna. Iyayensu kuwa, musamman waɗanda suka yi firamare a shekarun 1970, sun san wata NNPC ɗin dabam, wadda sunanta ke jikin bangon Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi. A gari irin Mubi, inda Fali da Gude da Fulani da Higi da Margi ke haɗuwa a kasuwa ɗaya su yi ciniki da Hausa, alherin wannan gida ya ninka. Yaro yakan tsinci Hausar baka a layi da tasha, amma Hausar da ake rubutawa, mai tsari da karin magana, daga littattafan Zariya akasari ya same ta.

Shekara 60 ɗin ta kamfanin ce kawai, domin saiwarsa ta girme shi nesa ba kusa ba. A 1929 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa Hukumar Fassara don samar wa makarantun boko abin karantawa da Hausa. Ba da jimawa ba hukumar ta zauna a Zariya a ƙarƙashin wani Bature jami'in ilimi, Dokta Rupert East. Aikinta na farko shi ne juyo littattafai daga Larabci da Turanci, inda aka samu irin su Dare Dubu da Ɗaya da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu. East ya san ƙasar Adamawa ma, don kuwa ya tattara labaran tarihinta da Fillanci aka buga su a 1934.

Fassara kaɗai ba ta ishe shi ba. Ya lura cewa yaro ya fi ɗokin labarin da ya fito daga bakin ɗan ƙasarsu, saboda haka a 1933 aka mai da hukumar ta zama Hukumar Talifi, aka kuma shelanta gasar ƙagaggun labarai. East ya bi garuruwa yana lallashin malamai su ɗauki alƙalami. Abin bai zo da sauƙi ba, domin a wajen malamin wancan zamani rubutu na ilimin addini ne da tarihi da waƙar wa'azi, ƙaga labari kuwa tatsuniya ce, aikin tsofaffi mata da yara bayan sallar lisha.

Duk da haka an samu waɗanda suka amsa kira, kuma littattafai biyar da suka fito daga wannan yunƙuri su ne tubalin ƙagaggen labarin Hausa har yau. Abubakar Imam, malamin makarantar midil ta Katsina, yana da shekara 22 kacal ya rubuta Ruwan Bagaja, labarin Alhaji Imam da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, waɗanda ba sa haɗuwa a gari sai ɗaya ya ɗana wa ɗaya tarko. Yayansa Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki, jarumin da ya gwabza da Turawa sannan ya shiga duniyar aljanu. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, ya rubuta Shaihu Umar, labarin yaron da bauta ta raba da uwarsa ta tsallaka da shi Sahara. Malam Muhammadu Gwarzo ya yi Idon Matambayi, John Tafida kuma ya haɗa hannu da East suka yi Jiki Magayi.

Imam ne ya fi shiga ran East. A 1936 aka aro shi daga Katsina zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya zauna ya narkar da su ya zuba su a cikin Hausa tsantsa. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, juzu'i uku, a ƙarshen shekarun 1930. Dabarar littafin mai sauƙi ce: aku ne yake tsare Musa, ɗan Sarki Abdurrahman, da labari bayan labari, don kada ya fita ya faɗa tarkon mugun Waziri. A juzu'i na biyu akun ya shiga gasar labari da wani aku, a na uku kuma ya zauna yana horon ɗansa Fasih. Imam ya san halin yaro. Ba ya tsai da labari don ya yi wa'azi, sai ya bar ɓarawo ya ji kunya, mai haɗama ya tashi a tutar babu, a yi dariya, darasi ya shiga da kansa. Mutane da yawa da suka manta sunan malaminsu na aji huɗu ba su manta da labarin Kalala da Kalalatu na cikin littafin ba.

Daga nan gidan ya riƙa faɗaɗa. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita, Imam ne editanta na Hausa. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa maɗaba'a a Tukur-Tukur. Ƙananan littattafan koyon karatu, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu da Ka Yi Ta Karatu, suka zama matakalar da yaro ke hawa kafin ya kai ga akun Sarki. Ahmadu Ingawa ya ɗauko labarin wani gwarzon Rasha ya sa masa rigar Hausa, ya zama Iliya Ɗan Maiƙarfi, gurgun da ya miƙe ya gagari mazaje. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar adabi ta Arewa, wato NORLA, ta karɓi aikin, ta buga ɗimbin ƙananan littattafai masu araha, ta kuma yi wa larduna jaridunsu. Ta Adamawa ita ce Ardo.

A duk tsawon wannan lokaci Mubi tana cikin yankin Kamaru ta Arewa, wanda aka karɓe daga hannun Jamus bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, Ingila ke riƙonsa amana, ana gudanar da shi tare da Lardin Adamawa. A watan Fabrairu na 1961 mutanen yankin suka kaɗa ƙuri'ar raba gardama suka zaɓi Nijeriya, aka ƙirƙiri Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. Makarantu suka ƙaru, bukatar littafi ta ƙaru.

NORLA ba ta ga wannan rana ba, don an rufe ta a 1959 saboda kuɗin tafiyar da ita ya yi nauyi, Kamfanin Gaskiya ya ci gaba da riƙe littattafanta. A 1966 aka kafa NNPC da haɗin gwiwar kamfanin Macmillan na Ingila, ta gaji dukan wannan taska.

Shekarun da suka biyo baya su ne ganiyar kamfanin. Ya sake buga tsofaffin littattafai da sabon bango, ya kuma buɗe ƙofa ga sababbin marubuta. Jabiru Abdullahi ya yi Nagari Na Kowa. Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya a 1969, shekarar da Amurkawa suka sauka a kan wata, labarin wani yaro mai suna Kilba da ya yi yawon sararin samaniya; Dembo ya kuma tattara wasannin dandali a littafinsa Wasannin Yara. Ibrahim Yaro Yahaya ya yi Daren Sha Biyu. A fagen wasan kwaikwayo ga Uwar Gulma na Mohammed Sada da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, a fagen waƙa ga Fasaha Aƙiliya na Aƙilu Aliyu. Da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, azuzuwa suka cika maƙil tun daga Sakkwato har gindin duwatsun Mandara, waɗannan littattafai ne ke cikin kabad ɗin hedimasta. Gasar da kamfanin ya shirya kuma ta fito da littattafai uku a 1980: Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, wanda ya nuna wa 'yan mata cewa su ma alƙalami nasu ne.

Daga tsakiyar shekarun 1980 darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, gwamnatoci suka rage sayen littafi, masu satar fasaha suka cika kasuwa da bugun jabu. Ba kamfanin da wannan guguwa ba ta taɓa ba. Matasan Kano suka fara buga labaransu da kuɗin aljihunsu, aka samu adabin kasuwar Kano. Wasu na kallon wannan a matsayin kishiyar Zariya, amma yawancin marubutan nan a kan Magana Jari Ce suka koyi yadda ake jan zaren labari.

Mubi ta yau tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, tana da Jami'ar Jihar Adamawa, tana da babbar kasuwar shanu da fatake ke zuwa daga Kamaru da Chadi. Ta kuma ga tashin hankali a ƙarshen 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin na 'yan makonni, makarantu suka watse, karatun yara ya tsaya. An dawo, an buɗe azuzuwa, amma har yanzu littafin karatun nishaɗi yana wuya a hannun ɗan firamare. Ga shi kuma masana ilimi sun daɗe suna cewa yaro ya fi saurin iya karatu in ya fara da harshen da yake ji a unguwarsu, kuma ga dubban yaran Mubi Hausa na cikin harsunan nan.

Abin da ake bukata yana nan a Zariya, an riga an rubuta, an gwada shi a kan 'ya'ya da jikoki. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta Jihar Adamawa da ƙananan hukumomin Mubi ta Arewa da Mubi ta Kudu za su iya sa littattafan nan cikin kasafin kayan makaranta. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da attajiran kasuwar shanu za su iya sayen bugu na asali su cika kabad ɗin makarantun da suka yaye su. Kamfanin kuma, a bikinsa na shekara 60, ya dace ya sake shelanta gasa irin ta 1933, ta labaran yara zalla, ya tabbatar sanarwar ta kai ga malaman firamare da ɗaliban jami'a na Mubi da Maiha da Michika da Hong.