Gida Marar Bene a Kan Gangare: Nazarin Tsarin Ginin Zamani a Saji, Ƙasar Rano

Tsakure

Maƙalar nan ta duba yadda za a tsara gidan zamani marar bene a fili mai gangare, ta ɗauki Saji da ke Ƙaramar Hukumar Rano a matsayin misali. Hujjarta ita ce tsohon tsarin gidan Bahaushe, mai ɗakuna a rarrabe kewaye da tsakar gida, ya fi dacewa da gangare fiye da dunƙulallen gini mai daɓe ɗaya da ake yayi yanzu.

Gabatarwa

Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ƙasa ce ta duwatsu da tuddai. Duk wanda ya ratsa ta Rurum ya shaida haka. Damina a kudancin Kano, har da Rano, ta fi ta arewacin jihar nauyi, kuma a watan Agusta take tsananta. Duk da haka, mai sabon gini yakan ɗauko zanen da aka yi don shimfiɗaɗɗen filin birni, ya sa a zuba ciko har fili ya daidaita. Cikon da bai daddale ba yana zama bayan damina ɗaya ko biyu, bango ya tsage daga kusurwar taga zuwa tushe.

Lissafin gangare

A ɗauki fili mai tsawon mita 20 wanda ke sauka mita ɗaya a kowace mita goma. Tsakanin samansa da ƙasansa akwai mita 2. Mai son daɓe ɗaya sai ya tayar da bangon tare ƙasa wanda ya fi tsayin mutum, tun bai aza bulon ɗaki ko ɗaya ba. In kuwa aka raba filin hawa huɗu, kowanne mita 5, tazarar hawa da hawa santimita 50 ce kacal, wato matakala uku, abin da tsohuwa mai sanda za ta iya.

Hawa huɗun nan ba baƙi ba ne a gidan Bahaushe. Zaure a ƙasa ta bakin hanya, sai ƙofar gida, sai tsakar gida da madafi, sai ɗakunan kwana a can sama. J. C. Moughtin, a littafinsa kan gine-ginen Hausa na 1985, ya bayyana wannan jeri daga waje zuwa ciki; gangare ƙara masa ma'ana kawai yake yi, domin baƙon da ke zaure ba ya hango cikin gida. Matsala tana tasowa ne idan hanya ta biyo ta saman fili, inda mai wucewa zai leƙo tsakar gida ta kan katanga. A nan ya kamata bayan ɗakuna ya zama shi ne katangar, ba a dogara da ƙarin tsayi ba.

Ruwa

A ganina nan ne aikin yake. Rufi mai faɗin murabba'in mita 150, in aka yi ruwan milimita 50, zai zubar da lita 7,500, ban da wanda ke gangarowa daga tudu. Dole a haƙa magudana a bayan hawan sama, a cika ta da tsakuwa, ta karkatar da ruwa gefe kafin ya taɓa tushe. Indararo ya zuba cikin tanki ko kan shimfiɗar dutse. Masai ya kasance ƙasa da rijiya, nesa da ita. Yin akasin haka kuskure ne da ba a gane shi sai yara sun fara ciwon ciki.

Kayan gini

Dutsen da ake fasawa a zubar shi ne ya fi dacewa da bangon hawa. Mutanen Sukur a Adamawa, wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1999, sun daɗe suna jera dutse ba siminti, ruwa na tsiyaya ta tsakaninsa ƙasa na nan daram. A saman tushen dutse za a iya ɗora bulon jar ƙasa da aka matse da inji, irin wanda Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka yi amfani da shi a masallacin Dandaji, a Jamhuriyar Nijar, wanda aka kammala a 2018. Launinsa na ƙasar wurin ne, kuma ɗakinsa ya fi na bulon siminti sanyi a bazara. Sharaɗinsa shi ne bakin rufi ya fito sosai, tushen dutse kuma ya ɗaga sama da inda ruwan indararo ke fantsama.