Wanda ya durƙusa a ƙofar Magajiya

Idan aka ambaci karuwanci a Garwa, mukan sunkuyar da kai mu ce abin Turawa ne. Tarihi bai goyi bayanmu ba. Tun kafin Jamusawa su ci garin a 1901, fataken Kano da Katsina suna ratsa Adamawa neman hauren giwa, su shekara ba su ga iyali ba. Daga baya jiragen ruwa suka riƙa hawo Binuwai da damina, kuɗi ya yawaita a bakin kogi. Inda baƙi da kuɗi suka haɗu kuwa, gidan mata ba ya nisa.

Gidan yana da tsari. Magajiya ke shugabanta, ita ke karɓar baƙuwa, ita ke raba faɗa, sau da yawa kuma ita ce uwar bori. 'Yan daudu na dafa abinci suna kai saƙo. Yawancin matan zawarawa ne da suka gudo daga auren dole ko suka gaji da zaman gidan iyaye. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo ta Ibadan a littafinsa na 1969, ya nuna mace kan fita aure ta shiga wannan zama, ta sake komawa aure.

Abin da ba mu son tunawa shi ne halin namijin. Attajirin da matansa ke durƙusa masa da safe, shi ne da dare zai cire takalmi a ƙofar wata, ya aika goro da turare da turmin atamfa, ya jira. Tana iya karɓa ta ce ba ta so. Ya dawo gobe, murya ƙasa-ƙasa.

Amma in ruwan sama ya yi jinkiri a ƙasar Hausa, matan ake ba wa'adi: su yi aure ko su bar gari. Haka a Maraɗi a Nuwamba 2000, gidajensu aka afka wa. Zina haram ce, mun karanta tun muna allo, sai dai hukuncin da ke cikin Suratun Nur bai ware mace ya bar namiji ba. Ko sashe na 343 na dokar laifuffuka ta Kamaru mai sayarwa ya fi kama wa.

Mu da ke riƙe da alƙalami a zauren dattawa mun san yadda ake yi. In irin wannan ƙara ta zo, akan faɗi sunan matar da na ubanta da unguwarsu. In an zo kan namijin, sai a rage murya a ce mu rubuta “wani bawan Allah”. Mun sha rubutawa.