Adikeyo: Tarihin Wani Fi'ili na Zauren Shari'a

Yunanawan dā suna da wata kalma, dike, wadda ta tattaro ma'anar al'ada da hukunci da haƙƙi, kuma daga gare ta aka ciro fi'ilin adikeyo, watau tauye wa mutum haƙƙinsa. An yi amfani da shi sosai a zauren shari'a. A birnin Atina, yayin da aka gurfanar da Sukuratu a shekara ta 399 kafin Miladiyya, bisa tuhumar ƙin allolin gari da ɓata tarbiyyar samari, da wannan lafazi aka furta laifinsa. Abin al'ajabi, almajirinsa Aflatun ya juya fi'ilin a kan masu ƙara, inda ya ruwaito hujjar malaminsa cewa gara a zalunci mutum da ya yi zalunci, domin azzalumi ransa yake lalatawa. Aristo kuwa ya gindaya sharaɗi, cewa ba a kiran aiki zalunci sai an yi shi da sani da niyya.

Da malaman Yahudawa na Iskandariyya suka fara tarjamar Attaura zuwa Yunananci a ƙarni na 3 kafin Miladiyya, sai daga baya fi'ilin ya shiga har littattafan annabawa, ya ɗauki nauyin danniya ga talaka da mai rauni, wanda Ubangiji ne mai bin kadinsa.

Manzo Bulus ya gaji ma'anonin biyu. A Kaisariya, gaban gwamna Festus, ya yi magana da harshen masu shari'a tsantsa: ya musanta cewa ya cuci Yahudawa, ya ce in akwai laifin da ya cancanci kisa ba ya gudun mutuwa, sa'an nan ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Kaisar. Amma ga jama'ar Koranti, waɗanda suka riƙa kai junansu gaban alƙalan gari, ya yi faɗa, yana ganin haƙuri da cutar ya fi wannan abin kunya. Kuma a wasiƙarsa zuwa ga Filimon, a kan Unisimas bawan Filimon, ya ɗauki alkawarin biyan duk abin da bawan ya cuci ubangidansa. Mai karatu zai iya zargin Bulus da tufka da warwara, alhali kuwa ba haka ba ne, domin a Kaisariya ransa yake karewa daga maƙiya, a Koranti kuwa 'yan'uwa ne suke tona asirin juna saboda dukiya.

A littafin Ru'ya ta Yohanna fi'ilin galibi ya bar alƙali da shaidu, ya koma lahani kawai, har ana hana fāri su taɓa ciyawa da itatuwa. Saboda haka duk mai tafsirin da ya ɗora masa ma'ana guda a ko'ina, ya yi wa nassin kuskuren fahimta.