Koren Yauƙin Halowin: Daga Kwandon Shara Zuwa Kicin

A shekarar 1976 kamfanin Mattel na Amurka, wanda duniya ta fi sani da 'yartsanar Barbie, ya fito da wani abin wasa marar ƙafa, marar fuska, wanda ba ya motsi kuma ba ya ƙara. Wani kore ne mai sanyi da yauƙi, aka ɗura shi cikin ɗan ƙaramin kwandon shara na roba mai murfi, aka sa masa suna Slime. Yaro zai buɗe ya tsoma hannu, abin ya bi tsakanin yatsunsa yana tsiyaya kamar miyar ɗanyar kuɓewa da ta ji kanwa. Iyakar wasan ke nan. Iyaye suka yi ta yamutsa fuska, su kuwa yara wannan yamutsa fuskar ita ce rabin daɗin.

Ba wani sihiri a cikinsa. Jigonsa garin ƙwayar guwar ne, wani ɗan wake da ake nomawa a busassun yankunan Indiya da Pakistan, wanda masu sarrafa abinci ke kaɗawa don ya yi kauri. Da kasuwa ta buɗe, kamfanin ya ƙara wa abin ƙyama da gangan: aka fito da mai tsutsotsin roba, aka fito da mai ƙwayar idanu.

Sai dai yauƙin bai faɗo cikin bikin Halowin daga sama ba. Ya tarar an riga an share masa wuri.

Halowin, da ake yi daren 31 ga Oktoba, ya samo tushe daga tsohon bikin ƙarshen kaka na mutanen Ayalan da Sukotilan, da kuma jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristocin Turai, wadda ke faɗowa 1 ga Nuwamba. Yunwar da ta afka wa Ayalan daga 1845 ta kora ɗimbin mutane zuwa Amurka, suka tafi da al'adarsu. A can suka samu kabewa, ta fi abin da suke sassaƙawa a gida girma da taushi, suka koma fafe ta suna yi mata ido da baki su kunna fitila a ciki. Amma a farkon ƙarni na 20 daren ya fi zama na ɓarnar samari: a cire ƙyauren gidan mutum, a kifar da makewayin katako, a fasa taga. Abin ya ishi manya. A 1920 garin Anoka na jihar Minesota ya shirya fareti da rabon kayan maƙulashe don kawai a janye yara daga titi. A shekarun 1930, lokacin da talauci ya ƙara wa ɓarnar zafi, iyaye a unguwanni suka fara mayar da ɗakunan ƙarƙashin gidajensu "gidan fatalwa", yara su bi cikin duhu suna ihu.

A irin waɗannan ɗakuna da tarukan gida ne wani wasa ya yi ƙarfi, wanda shi ne kakan yauƙin yau. A kashe fitila, yara su zauna a da'ira, wani babba ya soma labarin wani mamaci da aka yi gunduwa-gunduwa da shi, yana miƙa sassan jikin hannu zuwa hannu. Inabin da aka ɓare shi ne ido. Dafaffiyar taliya mai sanyi ita ce hanji ko ƙwaƙwalwa. Safar hannu da aka cika ta yi sanyi ita ce hannun gawar. Kowa ya san ƙarya ce, kuma kowa sai ya yi tsalle. Dabarar manya a nan ta cancanci yabo: sun gane yaro na son tsoro, sai suka ba shi tsoron da ke ƙarewa da zarar an kunna fitila.

Sinima ta ɗora nata. Fim ɗin The Blob na 1958, wanda ya fito da Steve McQueen, labarin wani curin yauƙi ne da ya faɗo daga sararin samaniya yana haɗiye mutanen gari. A 1984 Ghostbusters ya zo da wata koriyar fatalwa mai haɗama da ke barin yauƙi a jikin duk wanda ta ratsa, kuma daga nan launin kore da fatalwa suka ƙulla zumunci a kan yaran Amurka. Talabijin ma ba ta zauna ba: wani shirin yara na Kanada da ya fara a 1979, wanda tashar Nickelodeon ta ɗauka daga baya, ya mayar da al'ada cewa duk wanda ya ce bai sani ba a sheƙa masa koren yauƙi a ka. Har yau tashar na yi wa manyan taurari wannan wanka a bikin kyaututtukanta. A 1992 marubucin littattafan ban tsoro na yara R. L. Stine ya fitar da Monster Blood, labarin gwangwanin koren abu da yaro ya saya a tsohon shagon kayan wasa, abin ya yi ta girma.

Duk wannan na saye ne ko na kallo. Yadda aka yi ya koma abin haɗawa a gida, wannan aikin malaman kimiyya ne.

Farin gam na makaranta, ɗan uwan wanda kafintoci ke haɗa katako da shi, cike yake da dogayen zarurruka da ido ba ya gani, suna zamewa a kan juna, shi ya sa yake zuba. Idan aka sa masa ruwan boraks, wani farin gishiri da ake haƙowa a ƙasa, sai ƙwayoyin boraks ɗin su riƙa kama zare da zare suna saki. Ja a hankali, ya miƙe; fizga da ƙarfi, ya tsinke. A 1986 wata mujallar koyar da ilimin sinadarai ta Amurka ta buga bayanin wannan gwaji don amfanin aji, ya kuma bazu a makarantu saboda arha ne kuma yaro na ganin sakamako a tafin hannunsa. Kayan ma suna gida: gam ɗin Elmer's yana jakar kowane ɗalibi, boraks kuwa yana wajen wanki, cikin kwalin 20 Mule Team, sunan da ke tuna ayarin alfadarai da ke jan shi daga hamadar Kalifoniya a shekarun 1880. Tun kafin wannan gwaji na aji, a 1943, wani injiniyan General Electric mai suna James Wright ya haɗa ɗan uwan boraks da man silikon yana neman madadin roba saboda yaƙi; robar ba ta samu ba, amma abin ya shiga kasuwa a 1950 da sunan Silly Putty.

Da uwa ta gane cewa gam, boraks, ruwa da 'yar kalar abinci sun isa, sai watan Oktoba ya samu sabuwar sana'a. Kore na fatalwa, ruwan lemo na kabewa, baƙi ko shunayya na mayya. A cusa idanun roba da gizo-gizon roba, wasu su sa hoda mai haske cikin duhu, a zuba a kwalba a zana mata fuskar dodo. Malamai na son sa don darasi ne da ya yi shigar wasa, iyayen da ke gudun yawan alewa kuma sun samu abin rabawa da ba ya ɓata haƙori.

Daga 2016 zuwa 2017 abin ya fi ƙarfin Halowin ɗin kansa. Bidiyon hannaye na matsa yauƙi yana ƙara ya cika Instagram da YouTube, farin gam ya riƙa ƙarewa a shagunan Amurka, wata matashiya Karina Garcia ta yi suna da dukiya a kansa, yara 'yan firamare suka zama 'yan kasuwa suna sayar wa abokan aji. A jerin da Google ya fitar na 2017, tambayar yadda ake haɗa shi ce ta zo kan gaba a tambayoyin "yaya ake yi".

Nan ne kuma aka tuna cewa boraks ba gari ba ne. Tun a 2016 hukumar lafiya ta Kanada ta shawarci iyaye su guji sa shi a kayan wasan da ake haɗa wa yara a gida. An samu rahoton yaran da fatar hannunsu ta saɓule bayan sun daɗe suna cuɗa shi. A 2018 ƙungiyar kare masu saye ta Birtaniya, Which?, ta gwada nau'i 11 na kasuwa, ta samu 8 sun haura iyakar sinadarin boron da Tarayyar Turai ta ƙayyade, wato miligiram 300 a kowane kilo. Da yawa suka koma haɗi da ruwan wanke gilashin ido na mannawa da bakin soda, suna cewa babu boraks, alhali abin da ke sa wannan ruwan aiki dangin boraks ɗin ne, sai dai da sauƙi.

Saboda haka mai son yi wa yaransa, babba ne zai auna ya kuma dama, a wanke hannu bayan wasa, kada a ba mai rauni a fata. Yaron da har yanzu yake kai komai baki kuwa, a dama masa garin sitacin masara da ruwa da 'yar kala, ya wadatar.