Labarin Dajin Kamuku da Tsuntsayensa

Ƙasar Birnin Gwari tana yamma da Kaduna, ƙasa ce mai duwatsu da ƙoramu da fadamu. Tun zamanin da, Gwarawa da Kamukawa ke zaune cikinta, suna noma da farauta da ɗiban zuma. A lokacin nan in gona ta gaji sai manomi ya bar ta saura, ya sari wata. Kafin ya komo, doka da taura da maje sun sake rufe wurin, tsuntsaye kuwa sun koma gidajensu.

Cikin shekarar 1936 En'e ta keɓe wani yanki na dajin ya zama gandun daji, aka hana sara da ƙuna sai da izni. Daga baya Gwamnatin Jihar Kaduna ta mai da shi gandun namun daji, sa'an nan a 1999 Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi. Girmansa ya kai murabba'in kilomita 1,120, Kogin Mariga ne ya raba shi da dajin Kuyambana. Masana sun ƙidaya tsuntsaye iri 177 a cikinsa, har da burtu da tuje.

To, amma da jama'a suka yawaita, sai aka daina hutar da gona. Aka sare itatuwan bakin rafi don katako da gawayi, ruwan sama ya riƙa kwashe ƙasa yana cike fadamu da yashi. Burtu kuwa galibi a kogon babban itace yake ƙwai, ɗa guda yakan raina, shi ma ba kowace shekara ba. In babu tsohon itace, da wuya a sami burtu. A 2018 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu. Bayan wannan kuma ɓarayin shanu suka mai da dajin maɓoya, har a 2015 gwamnonin jihohin da ke kewaye suka haɗa kai aka tura soja. Rashin zaman lafiya ya kori manoma da yawa daga ƙauyukan daji.

Duk da haka gyara ba ya gagara. A ƙasar Maraɗi, tun daga 1983, manoma suka koyi barin tohon kututture a gona, su rage rassa, su bar masu ƙarfi su girma. Suna kiran wannan sassabin zamani. Da haka ƙasar Nijar ta sami itatuwa wajen miliyan 200 ba tare da dashe ba. Ƙasar Birnin Gwari ta fi Maraɗi ruwan sama nesa, saiwoyin doka kuwa suna nan da rai a ƙarƙashin gonakin da aka bari. Ran da manoma suka koma, in suka bar itatuwan bakin fadama suka tashi, ƙasa za ta farfaɗo, burtu kuma ya sami kogon da zai yi ƙwai. Allah ya kawo zaman lafiya, amin.