Jirgin Wasiƙun da Bai Taɓa Isa Gwandu Ba

Har yau layin dogo bai shiga Jihar Kebbi ba. Amma shekaru da dama, wasiƙar da za ta je hannun ɗan kasuwa a Kalgo, ko takardar gwamnati da aka aiko wa fadar Sarkin Gwandu, a cikin taragon jirgin ƙasa take cinye mafi yawan tafiyarta, kafin ta sauka ta ƙarasa a mota.

Abin da ke tsaya wa mai nazari a rai shi ne ƙasashen da layin ya ratsa. Ilori da Nufe duk a ƙarƙashin tutar Gwandu suka kasance bayan da aka raba ragamar daular Usmaniyya, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya riƙe yamma. Layin da ya taso daga Legas ya iso Ilori a 1908, ya kai Jebba a 1909. Ɗaya layin kuwa daga Baro aka fara shi, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe, a 1907, zamanin Gwamna Percy Girouard, wanda dama injiniyan reluwe ne. Ya bi ta Minna da Zariya ya shiga Kano a 1911. Ke nan dogo ya bi ta ƙasashen da a dā suke kai gaisuwa Gwandu, ya bar Gwandun kanta a gefe. Turawa kaya suke bi, auduga da gyaɗa da fatu da kuza, kuma inda suka hango kayan nan suka shimfiɗa ƙarfe.

Kafin a gama gadar Jebba a 1916, jirgin ruwa ne ke ɗaukar taragu ya haye da su Kwara. Da gada ta samu, sai tafiya ta miƙe daga Legas har Kano. A lokacin akwai jirgi na musamman da ake daidaita tashinsa da zuwan jiragen ruwan kamfanin Elder Dempster masu kawo wasiƙu da fasinjoji daga Liverpool. Jakunkunan wasiƙun Arewa a nan ake loda su.

Mafi kusantar da dogo ya yi wa ƙasar Gwandu shi ne reshen da ya tashi daga Zariya, ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya tsaya a Ƙaurar Namoda a 1929. Daga nan bai ƙara taku ba. Wasiƙun Lardin Sakkwato sai a sauke su a ɗora wa mota, ta nausa yamma. Kafin motoci su yawaita, masinjoji ne ke ɗaukar jaka a ka ko bisa doki, zango bayan zango.

A Ingila da Jamus da Amurka akwai mutanen da suka mayar da irin wannan tarihi abin sha'awarsu: suna ƙera ƙaramin jirgi, da dogonsa da tasharsa, bisa tebur, komai a kan ma'auni. Masu tsanantawa cikinsu ba sa yarda da “kusan haka ne”. Kaurin ƙafar tarago da tazarar ƙarafan dogo duk sai sun auna. Duk wanda ya ga yaron Hausa ya zauna da kara da reza yana fere tayar mota, yana soka tsinke ya zama gindinta, ya san wannan haƙurin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da ya rage shi ne awo.

A nan ne jirgin Najeriya ke ba maƙeri aiki. Faɗin tsohon layinmu ƙafa 3 da inci 6 ne, wato milimita 1,067, alhali na Ingila milimita 1,435 ne. Ƙananan jiragen da aka fi sayarwa a duniya, na ma'aunin HO, an rage su ne sau 87, suna gudu kan dogo mai faɗin milimita 16.5. Wanda ya ɗora jirgin Zariya a kan wannan dogon ya yi masa faɗin da bai taɓa samu ba. Mafita biyu ce: ko ya nemi dogo mai milimita 12, ko ya ƙara girman jirgin zuwa kashi 1 cikin 64, yadda masu wannan sha'awa a New Zealand suke yi, tunda faɗin layinsu ɗaya ne da namu.

Kan jirgin da ya fi dacewa shi ne samfurin da ake kira River, wanda masana'antar Vulcan Foundry ta Ingila ta fara kawowa a 1948, ana raɗa wa kowanne sunan kogi. Ƙananan ƙafafu 2 a gaba, manya 8 masu ja, sai 2 a baya. Bayansa taragon kwal da ruwa, kuma kwal ɗin na Inugu ne. Tasha kuma ba ta cika sai da tankin ruwa bisa ƙafafun ƙarfe, da buhunan gyaɗa a jibge, da jar ƙasa wadda hunturu ya busar. Mai neman ganin tsofaffin hotuna da kayan aiki zai same su a gidan Jaekel da ke Ebute Metta a Legas, wanda aka raɗa wa sunan Francis Jaekel, marubucin tarihin reluwen Najeriya.

In ɗalibin Jami'ar Tarayya da ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza zai ɗauki wannan aiki, kuma ya kamata a samu mai ɗauka, teburinsa zai bambanta da na Bature. Dogonsa zai ƙare ne a tsakiyar tebur, sauran filin ya zama hanyar burji, da motar katako ɗauke da jakar gidan waya ta nufi Sakkwato da Birnin Kebbi. Injinan dizal sun fara shigowa a 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, don haka wanda ke son zamanin tururi zalla sai ya tsayar da tasharsa tsakanin 1948 da 1954.